Zoɓo da kanwa a ajin kimiyya

Shekara uku ke nan ina koyar da ilimin sinadarai a wata lise, wato babbar makarantar sakandare, a nan Damagaram, kuma babu darasin da ya fi wahalar da ni kamar na asid (sinadari mai tsami) da bas (kishiyarsa mai kashe tsami), domin ba mu da na'urar auna pH (ma'aunin ƙarfin asid ko bas), takardun gwajin da na tarar kuwa zafi ya riga ya lalata su. Na sha rubutawa a allo cewa ma'aunin yana tashi daga 0 zuwa 14, 7 ce tsaka-tsaki, kuma Sørensen ɗan ƙasar Danmak ne ya fito da shi a 1909. Ɗalibai sukan haddace su ci jarrabawa, amma ba su taɓa ganin abin da ido ba, wannan kuwa yana damuna ƙwarai.

Bana sai na shiga Kasuwar Dole na sayo zoɓo da tsamiya da lemun tsami da kanwar da ake kawowa daga Manga. Jan launin zoɓo na wani sinadari ne da ake kira antosiyanin, wanda yake zama ja a cikin tsami, ya koma kore-kore a cikin bas.

Gwajin farko ya lalace. Na tafasa zoɓon ya yi kauri, na zuba shi da yawa a kowane kofi, sai ga ruwan famfo ya yi ja wur kamar ruwan tsamiya. Ina tsaye ina nazari, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, ai zoɓon ma da nasa tsamin.” Gaskiya ta faɗa, domin abin da na kawo don ya auna shi ne ya sauya abin da ake aunawa. Daga ranar nake sirka shi sosai, kuma ɗigo kaɗan nake sakawa. Sai launuka suka rabu, na samu damar nuna musu cewa tsakanin pH 3 da 2 ninki goma ne na tsami.

Inda na fi samun biyan buƙata shi ne a kan ruwa mai riƙe pH, wanda littafinmu na Faransanci yake kira tampon. Na jiƙa kanwa na tace, sannan na narkar da ƴar ƙwayar sodar da ake yin sabulu da ita, na yi ta ƙara mata ruwa har launin kofuna biyun ya zo ɗaya (sodar ni kaɗai na taɓa ta, saboda tana ƙona fata). Muka fara ɗiga lemun tsami muna ƙirgawa. Kofin soda ya juya nan take. Na kanwa kuwa ya ƙi motsi, muka yi ta ɗigawa har yaran suka fara zargin ko lemun ne ya salance, sai can ya soma kumfa, sannan launin ya karye. Dalili shi ne kanwa tana ɗauke da karbonat da bikarbonat tare: karbonat yana karɓe asid ɗin da ya shigo ya zama bikarbonat, pH ya tsaya kusa da 10, har sai ajiyar ta ƙare. Kumfar kuwa iskar karbon dayoksaid ce take fita. Bikarbonat ɗin nan ne kuma yake taimakawa wajen tsayar da pH na jinin mutum tsakanin 7,35 da 7,45.

Da na ba Inna labari da dare, ta ce ita tun tana budurwa take jefa kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami, kuma idan ta yi yawa miyar takan yi duhu. Na roƙe ta ta nuna mini gwargwadon da take sakawa, washegari na tafi aji da yakuwar da kanwar, muka dafa rabi da ita, rabi babu.