Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Gidan Hutu a Gaɓar Norfolk da Lissafin Wata

Assalamu alaikum, masu bibiyar wannan labari. Makon jiya mun tsaya a kan yadda kula da gidan hutu ya zama sana'ata a gaɓar Norfolk, gabashin Ingila. Yau aikin kansa zan buɗe muku, musamman na hunturu.

Da zarar zafi ya wuce, masu zuwa wasa a bakin teku sun koma birni, masu kallon tsuntsaye ne ke riƙe gidan daga Oktoba har Fabrairu. Su kuwa ba kowane mako ne yake yi musu ba. Mai gidan da bai iya duba jadawalin cikar teku ba zai ba baƙo makon da ba zai ga komai ba, kuma wannan baƙon ba zai sake dawowa ba.

Ga yadda abin yake. A Snettisham, bakin mashigin ruwan da ake kira Wash, akwai shimfiɗaɗɗen taɓo inda dubun dubatar wata 'yar tsuntsuwar bakin ruwa ke kiwo. Mutanen wurin suna ce mata knot, daga can arewacin Kanada da Girinland take zuwa. Cikar teku ta yau da kullum ba ta rufe taɓon duka, sai tsuntsayen su ja da baya kawai, kana hango su ɗigo-ɗigo. Amma ranar babbar cika ruwa yana cinye filin kaf, sai su tashi gaba ɗaya suna murɗawa a sama kamar garken jan-baki a kan gonar dawa, su bi ta bisa kanka da wani irin shuu na fukafukai, su sauka a tsofaffin kududdufan da aka haƙi tsakuwa a bayan gaɓa.

Babbar cikar nan wata take bi. Tana zuwa duk mako biyu, a farkon wata da kuma kwana ɗaya ko biyu bayan ya cika, kuma a wannan yanki da sassafe ko da yamma take zuwa. Wanda ya saba da lissafin watan Musulunci ya riga ya samu rabin aikin. Sai dai akwai tarko. Dinyoyi masu jan ƙafa da ke zuwa daga Aisland da Girinland suna kwana a kan taɓon, da asuba su tashi layi-layi zuwa gonaki cin ragowar saiwar da ake yin sukari da ita. Idan akwai farin wata sosai, a gona suke kwana suna kiwo, sai ka yi sammako ka tarar da wuri wayam. Shi ya sa nake ba wanda ke son ganin duka biyun shawarar ya kama makon tsayuwar wata, ba na tsakiyarsa ba.

Jadawali ma hasashe ne. Idan nauyin iska ya yi sama, yana danne teku da kimanin santimita 1 a kowane miliba (ma'aunin nauyin iska ke nan), kuma 'yan santimita kaɗan sun isa su bar wa tsuntsayen wurin tsayawa. Daga wurin ajiye motoci na RSPB, ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, zuwa inda ake kallo tafiyar ƙafa ce ta fiye da kilomita 2, don haka a fita da wuri a isa tun ruwa bai fara rufe taɓon ba. Wanda ya zo daidai lokacin cika ya makara.

Gidan kuma dole ya bi wannan tsari. A Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8, kafin 4 na yamma ta faɗi. A saita na'urar ɗumama gida ta kunna kanta tun 5 na asuba, a ajiye fitilar hannu da fulas biyu a kicin. A bakin ƙofa a tanadi tiren ajiye takalman roba da maratayi kusa da ɗumi, in ba haka ba taɓo har kan kafet. Madubin hangen nesa idan ya shigo daga sanyi zuwa ɗaki mai ɗumi gumi yake yi. A bar shi a fili ya bushe, kada a kulle shi a jakarsa da laima, fumfuna za ta kama gilashin.

Babban abokin gaban ginin shi ne laima da gishiri. Tsofaffin gidajen nan da ƙanƙarar dutse da jan bulo aka gina su, aka haɗa da kwaɓin farar ƙasa mai barin bango ya yi numfashi. Wanda ya liƙe tsaga da siminti ya kulle ruwa a ciki, sanyi ya daskarar da shi, fuskar bulon ta ɓanɓare. Wannan ɓarnar tana ci mini rai, don gyaranta ya fi na tsagar tsada nesa ba kusa ba. Iskar teku kuma tana cin ƙusa da hinjin baƙin ƙarfe, sai a sa wanda ba ya tsatsa. Itacen murhu kada laimarsa ta wuce kashi 20 cikin ɗari, a share bututun hayaƙi duk shekara, a gwada ƙararrawar gargaɗin iskar gawayi mai guba duk ranar sauya baƙi.

Teku ba abin wasa ba ne a nan. Ambaliyar 5 ga Disamba 2013 ta shanye fadamar Cley da ke gaɓar arewacin Norfolk, wadda aka keɓe wa tsuntsaye tun 1926, ta kuma lalata rumfunan kallo a Snettisham. Kowane gida da ke ƙasa-ƙasa ya kamata a manna lambar wayar gargaɗin ambaliya da hanyar fita zuwa tudu a bayan ƙofarsa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga fadamar Cley da abin da ake gani a cikinta daga Afrilu.