Adireshin IP ba sunan mutum ba ne

Ina kula da kwamfutocin wani kantin magani mai rassa uku. Saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe lissafin kaya, tana babban reshe, ni kuma don tsaro sai na rubuta mata jerin adireshin IP (lambar da ake gane na'ura da ita a intanet) da za ta buɗe wa ƙofa, kowa ban da su a waje.

Ko mako ba a yi ba aka fara kirana. Da an ɗauke wuta rauta, na'urar da ke ba kanti intanet, ta mutu, yaron kanti ya koma datar wayarsa, adireshi ya canza, saba ta ce ba ta san shi ba. Wata ranar Hajiya da kanta ta bugo: "Malam, ga mutane a tsaye da takardun likita, lissafi ya ƙi buɗewa."

Abin da ya fi tayar min da hankali daga baya na gano shi. Adireshin IPv4, wato tsohon samfurin adireshin IP, kusan biliyan 4.3 ne kacal, ba su ishi duniya ba, shi ya sa kamfanonin waya ke cusa mutane da yawa a bayan adireshi guda. Ashe ƙofar da na buɗe wa yaronmu da na ƙara adireshin wayarsa a jerin, har da baƙin da ban taɓa gani ba na buɗe wa.

Tun da aka tsara IPv4 a 1981 adireshin nan ke ɗaukar kaya biyu: shi ne wurin zamanka, shi ne kuma sunanka. Kamar a ce ka tashi daga Fagge ka koma Hotoro sai sunanka ya goge. Masana sun daɗe suna neman raba su. Wani tsarin sadarwa mai suna HIP ya kawo shawarar mabuɗin sirri ya zama shaidar na'ura, adireshi ya tsaya a matsayin kwatance.

Ni WireGuard na ɗauka, manhajar da ke haɗa na'urori ta ɓoyayyiyar hanya, wadda ta shiga babbar manhajar Linux a 2020. Kowace na'ura na yi mata mabuɗinta. Saƙo ya zo daga ko'ina, in dai mabuɗin ya tabbata, saba ta karɓa ta riƙe sabon wurin. Sai da na sa kowace ta riƙa motsa layin duk daƙiƙa 25, don kada hanyar ta rufe in an yi shiru.

Nauyin yanzu ya koma kan tsare mabuɗan. Ranar da aka sace wayar wani ma'aikaci a adaidaita, kafin ya iso kanti na share mabuɗinsa daga saba, washegari na yi masa sabo.