Kafin wakilin AI ya taɓa asusun kowa

Kamfaninmu ƙarami ne, a Kano muke, kuma asalin sana'armu rubuta manhajar lissafi ga dillalan kayan masarufi da makarantun kuɗi: wa ya ɗauki kaya bashi, wa ya biya kuɗin zango, wa aka dakatar. Yanzu wani sabon aiki ya shigo yana cinye mana rabin yini. Masu hulɗa da mu suna so su riƙa rubuta umarni kawai, wakilin AI, wato manhaja mai ƙirƙirarriyar basira da ke aiki a madadin mutum, ya aiwatar. To shi wannan wakili ba ya ganin cikin manhajar da muka rubuta. Abin da ake nuna masa shi ne sunan kayan aiki, wato kowane aiki guda da manhajar ke iya yi kamar biya ko goge asusu, da ɗan bayani a kansa, da guraben da zai cika. Da su kaɗai yake yanke shawarar abin da zai yi wa asusun mutum. Tantance wannan ɗan bayani shi ne aikin da nake nufi.

Tsarin bai daɗe ba. A Yunin 2023 OpenAI ta fito da hanyar da AI zai kira wani aiki a cikin manhaja, a Nuwamban 2024 kuma Anthropic ta saki MCP, ƙa'ida guda ta haɗa wakilai da manhajoji iri-iri. A duka biyun, bayanin zallar rubutu ne irin wanda mutum ke karantawa, guraben kuma a tsarin JSON suke, wato wani salon jera bayanai da kwamfuta ke ganewa.

Gwajinmu na farko ba ya buƙatar kwamfuta. Mukan buga bayanan a takarda mu miƙa wa ɗalibin SIWES, wato ɗalibin da ya zo koyon aiki, da bai taɓa ganin manhajar ba, mu haɗa masa da umarni irin na masu shago, mu ce ya faɗa mana kayan aikin da zai ɗauka da abin da zai cika. Duk inda ya ɗago kai ya ce, “Oga, nan me ake nufi?” to nan akwai rami. Bambancin kawai, shi yaron zai tambaya, wakilin kuwa sau da yawa cankarsa zai yi ya wuce, kamar sabon yaron shago mai kunyar a ce bai gane aike ba.

Ramin da ya fi ba ni tsoro na kuɗi ne. Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, misali, da kobo yake karɓar adadi, wato naira 5,000 sai an rubuta 500000. Idan gurbi ya ce “adadi” kawai ya yi shiru, wakilin na iya sa 5000, a mayar wa mutum naira 50. Wannan ma da sauƙi, zai dawo ya yi faɗa a gyara. Amma in kayan aikin naira yake jira aka tura masa kobo, rabin miliyan ce za ta fita. Shi ya sa ba na barin bayani ya wuce sai ya faɗi naira ce ko kobo, ya kuma kawo misali da lambobi.

Sai kayan aiki masu kama da juna. An taɓa kawo mana wani daga waje, bayaninsa layi ɗaya: yana cire mai hulɗa. Daga ina? Daga jerin masu karɓar saƙo ko daga littafin gaba ɗaya? Da muka bi diddigi, gogewa yake yi har da tarihin ciniki. Muka sake rubuta shi: yana goge asusu da tarihinsa, ba a dawo da shi, idan hana shiga kawai ake so, a ɗauki na dakatarwa, yana ƙin aiki muddin akwai bashi a kan asusun. Ni a ganina jimlar da ke faɗin lokacin da ba za a yi amfani da kayan aiki ba ta fi sauran amfani, kuma ita ce masu rubuta manhaja suka fi mantawa, don su sun san abin a kansu.

Suna ma matsala ne. A littafin dillali guda sai ka tarar da Alhaji Sani barkatai, don haka duk kayan aikin da ke canza wani abu lambar asusu yake karɓa, ba suna ba, na bincike kuma dole bayaninsa ya ce in sakamako ya wuce ɗaya a koma a tambayi mai umarni. Lambar waya, da 0 za a fara ko da 234, ita ma a faɗa.

Ga kuma yankewar intanet. Wakili ya tura umarnin biya, amsa ba ta dawo ba, ya sake turawa. An biya sau biyu ke nan ko sau ɗaya? A gyaran da aka yi wa MCP a Maris na 2025 an ƙara alamomin da ke nuna ko kayan aiki karatu kawai yake yi, ko yana gogewa, ko maimaita shi ba ya ƙara komai. Sai dai ƙa'idar da kanta ta ce kada a dogara da su in ba a amince da inda suka fito ba. Da gaskiyarta. A Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna yadda ake ɓoye umarni a cikin bayani, mai amfani bai gani ba, wakili ya karanta ya bi. Tun daga nan duk kayan aikin waje mukan karanta cikakken bayaninsa kalma-kalma, in an sabunta shi mu sake. Bayanan iyaye da ɗalibai ne a hannunmu, ga kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023.

Wahalar sana'ar ita ce ciniki. Ka sa kuɗin wannan aiki a takarda, sai a ce maka ai rubutu ne kawai. Nakan bayyana musu cewa ko rubutun ya yi kyau ba ma sakin jiki da shi, sai mun sa makulli a cikin manhajar: gogewa da mayar da kuɗi masu yawa suna jiran amincewar mutum. Iyakar kuɗin mai kasuwa ne ke yankewa. Wani dillali ya tsayar da tasa a naira 20,000, wata makaranta kuwa ta ce ko sisi kada ya fita sai ma'ajinta ya danna da hannunsa.