Na gida na son sheƙi, na waje na son koɗewa

Shekara tara ke nan da na buɗe shagon ɗinki a Kano. Da keke ɗaya na fara. Yau mu bakwai ne: teloli uku, mata biyu masu ƙulli da surfani, yaron aike, sai ni mai yanka da shan faɗan masu kaya. Abin da ke riƙe da mu shi ne abin da ke riƙe da kowane tela, wato ankon biki, ɗinkin sallah, abaya, shadda da leshi. Amma 'yan shekarun nan wani ɓangare mai kauri na aikinmu ya koma rini, kuma yawancin abin da muke rinawa ba a garin nan ake sa shi ba.

Ba dabarata ba ce. Wata ƙanwata da ke karatu a Ingila ta roƙe ni in haɗa mata 'yar rigar sanyi da ragowar wani rinannen zane na mahaifiyarmu. Ta sa, ta ɗora hoto a Instagram, kafin wata ya ƙare ƙawayenta biyar sun turo awo.

Ga yadda aikin yake tafiya. Farin yadin auduga nake saya a Kantin Kwari, in da hali kuma saƙi na hannu. Sai mun wanke sitacin tas, domin yadi mai sitaci ba ya shan shuni. Daga nan matan su zauna da allura da zare su yi ta ƙulli, wani zanen kwana biyu, wani mako guda. Sannan a kai marinar Ƙofar Mata, wadda aka rubuta 1498 a mashigarta. A ramin ana haɗa baba da toka da kanwa da ruwa, a bar su makonni suna ruɓa har ramin ya nuna. Wanda bai taɓa gani ba yakan zaci tsomawa ɗaya ake yi. Ina! A tsoma, a ɗaga ya sha iska, a sake tsomawa. Kore-kore yake fitowa, iska ce ke mayar da shi shuɗi a gaban idonka. Mai son ruwan bula ba ya daɗewa, mai son ya yi duhu kamar dare kuwa sai a wuni ana abu ɗaya.

To a nan ne masu sayena suka rabu gida biyu. Hajiyoyinmu idan suka ɗaga rinannen yadi, haske suke nema. Idonsu ya saba da shaddar Getzner ta Ostiriya, don haka sai an kai wa 'yan bugu sun lafta masa mabugi a kan gungume ya fito yana walƙiya. Idan launi ya ɗan bambanta daga wannan gefe zuwa wancan, an ɓata kaya ke nan. Wata ta taɓa ce mini, "Haba 'yar nan, kuɗina zan ba ki ki ba ni tsumman kakata?"

Wannan tsumman kakar shi na waje suke biya da tsada. Karon farko da na tura kaya masu yawa, na sa an buge su sun yi kyau, ni a tunanina na fita kunya. Sai ga saƙo wai me na shafa wa yadin yake ƙyalli kamar leda? Su inda zare ya ci ya bar tabo, da inda shuni ya zarce iyaka, nan ne suke kai kyamara. Sharaɗinsu ɗaya, kada ya zuba. Buzaye sun shekara aru-aru suna sayen turkuɗin Kura, shunin da ke kama musu fata ado ne a wurinsu, amma Baturiya in ya taɓa mata farar kujera sai kin mayar da kuɗi. Yanzu kayan waje sau huɗu muke ɗauraye su kafin almakashi ya hau.

Da na fara bibiya sai na gane ba ni suke so ba, yayi ne ya juyo. Tun 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin kemikal, wanda shi ake rina wandon jins da shi har gobe, kuma shi ya karya kasuwar baba a duniya. Yanzu da tufafin masana'anta suka yi yawa har ana jibge gwanjonsu a kasuwar Kantamanto ta Ankara, babban birnin Gana, masu kuɗin can sun koma neman abin da hannu ya taɓa. A Japan, tsofaffin rigunan manoma masu faci kan faci da suke kira boro sun zama kayan ajiya a gidajen tarihi. Aboubakar Fofana, marini ɗan Mali, ya kai shuni baje kolin fasaha na documenta a 2017, har tumaki ya rina a Atina. A 2022 gidan tarihi na V&A da ke Landan ya buɗe nuni guda a kan ɗinkin Afirka. Na ji daɗi, ban ƙi ba. Sai dai Alphadi, mai zanen tufafi ɗan Nijar, ya tara masu ɗinki na duniya a hamadar Tigidit kusa da Agadas tun 1998, ban ji an yi mana wannan kururuwar ba a lokacin.

Inda muka yi karo da yayin shi ne wajen lokaci. Bara wani kanti a Landan ya nemi riga tamanin cikin mako uku, kuma duk launi ɗaya sak. Na ruga wurin dattijon da ke mini rini na ce, "Baba, don Allah ko za a ɗan matsa wa ramin?" Bai ko ɗago ba, yana juya muciya ya ce, "'Yata, rami ba ya jin Turanci." Ga shi lokacin hunturu ne, ramin ma sanyin jiki yake yi.

Na san hanyar da za a bi. A zuba na kemikal a duro, a yini guda an gama, launi ya fito bai ɗaya, kuma a hoto ba mai bambancewa. Akwai masu yi, ban kuma zarge su ba, ni ma da shi nake rina ankon da aka matsa mini. Abin da ba zan yi ba shi ne in rubuta rinin rami a kan abin da ya fito daga duro. Na rubuta musu cewa mako bakwai ne, kuma riga biyu ba za su zo iri ɗaya ba. Suka ce kafin nan kakar kayan ta wuce, suka rage zuwa talatin. Da na cire kuɗin jirgi da na masu ƙulli, ribar ba ta kai ta ankon biki ɗaya ba.

Tun daga nan na daina jiran oda. Da zafin bazara, kafin damina ta hana shanya, nake rina yadi in jibge a ɗaki, mai so ya zaɓa daga abin da ke ƙasa.

Makon jiya 'yar waccan Hajiya mai maganar tsumma ta dawo hutu daga Dubai, ta zo da kanta ta zaɓi wanda ya fi kowanne koɗewa, ta ce doguwar riga take so, kada a buga. Bayan la'asar uwar ta kira ni a waya, murya ƙasa-ƙasa, ta ce in an gama ɗinkin a fara biyawa da shi wurin 'yan bugu, ita za ta biya.