Gwajin wata shida ya kai shekara: a ajiye aikin ko a dakata?

Ƙannena masu sabon aiki, idan an ɗauke ku a kan gwaji, wato lokacin da ake auna sabon ma'aikaci kafin a tabbatar da shi, wa'adin ya wuce ba a ce muku komai ba, ku saurara: babban kuskuren da na tafka a wannan fage shi ne ajiye aiki cikin fushi, ba tare da riƙe ko takarda ɗaya ba. Kada ku bi sahuna.

Fara da ɗauko takardar kama aikinka ka karanta ta a nitse. Abu uku za ka duba: tsawon lokacin gwajin, ko an ba kamfani damar tsawaita shi, da kwanakin notis da kowane ɓangare zai bayar. A aikin gwamnatin tarayya gwaji shekara biyu ne, akwai kuma jarrabawar tabbatarwa, don haka shekara guda a can ba abin tada hankali ba ne. A kamfanoni masu zaman kansu yawanci wata uku ne zuwa shida. Dokar ƙwadago ta Najeriya ba ta ƙayyade tsawon gwaji ba, abin da kuka sa wa hannu shi ne alƙalinku. Amma sashe na 7 ya wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. In ka wuce haka ba ka da komai a rubuce, matsalarka ta fi ta gwaji girma.

Ga abin da yawancin matasa ba su sani ba. Kotuna a Najeriya sun sha yanke hukuncin cewa idan wa'adin gwaji ya cika, ba a sallame ka ba, ba a kuma tsawaita shi a rubuce ba, aka ci gaba da sa ka aiki ana biyan ka, ana iya ɗauka an tabbatar da kai. Shirun da suke yi ba lallai ne ya cuce ka ba. Amma da ka rubuta takardar ajiye aiki da hannunka, ka raunana wannan hujjar da kanka.

Saboda haka ka rubuta wa ofishin kula da ma'aikata wasiƙa gajeriya cikin ladabi: ranar da ka fara, ranar da gwajin ya cika, sai roƙon a sanar da kai matsayinka. Yi kwafi biyu, a buga wa naka hatimi da kwanan wata. "Ka ƙara haƙuri, oga ya yi tafiya" ba amsa ba ce, ko da da murmushi aka faɗa maka. Ba su mako biyu zuwa uku.

Kafin amsar ta zo, leƙa asusun fanshonka. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga albashinka, mai aiki ya ƙara kashi 10, a zuba cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Idan ana cirewa a takardar albashi amma asusun wayam, to ka san irin mutanen da kake wa aiki. Tambayi waɗanda suka riga ka shiga ma: in akwai mai shekara biyu yana "gwaji", ba ƙwazonka ake aunawa ba, arhar ma'aikaci ake ci.

Tsawaitawa sau ɗaya, a rubuce, da dalili da ranar ƙarewa, abin zama ne. Tsawaitawa ta baki karo na biyu, ga albashi yana makara, fara neman wani wuri. Sai dai kada ka saki reshe ka kama ganye: sai sabuwar takarda ta shigo hannunka, ko ka tara abin da zai riƙe gida na wata uku zuwa shida.

In tafiya ta kama, ba da notis a rubuce. Wanda ya haura wata uku bai kai shekara biyu ba, mako ɗaya doka ta sa, amma idan takardarka ta ce wata guda, ita za ka bi, in ba haka ba a zaftare kuɗin daga haƙƙinka. Miƙa kwamfuta, makullai da katin shaida, wanda ya karɓa ya sa hannu. Karɓi takardar shaidar cewa ka yi aiki a wurin tun kana ciki, don bayan ka fita wayarka ma da ƙyar za a ɗaga.