Inda Muka Kafa Tanti a Bakin Ruwan Tiga

Da na gaya wa mahaifiyata cewa zan kwashi ƙannena biyu da yarana mu je mu kwana biyu a bakin ruwan Tiga a hutun ƙarshen shekara, sai ta dube ni ta tambaya ko wani ne ya kore mu daga gida. Ban ga laifinta ba, domin a ƙauyenmu na ƙasar Rano kwanan daji na mafarauta ne da makiyaya, kuma mutumin da yake da ɗaki da ƙyaure ba ya barinsu ya je ya shimfiɗa tabarma a sarari don nishaɗi kawai. Amma ni malamin makaranta ne, na shekara da shekaru ina koya wa yara cewa an gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974 a zamanin mulkin Audu Baƙo, kuma ruwanta ne yake shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, alhali ban taɓa ganin wayewar gari a bakinta ba. Na ari tanti biyu a wurin wani abokin aikina, muka ɗaure kaya a bayan mota, muka kama hanya.

Abin da ya fi ba mu wahala a tafiyar nan shi ne zaɓen wurin da za mu ya da zango, kuma sau biyu muna yin kuskure kafin mu dace.

Wurin da ya fara ɗaukar hankalinmu wani fili ne a daidai gaɓar ruwa, shimfiɗaɗɗe kamar an daɓe shi, da koriyar ciyawa a lokacin da ko'ina ya bushe. Har mun sauke jarkoki sai wani dattijo masunci da yake gyaran komarsa a gefe ya yi mana sallama, ya ce, "Malam, a nan za ku kwana?" Na ce masa, "Haka muka yi niyya, Baba." Bai yi mini musu ba, ya dai nuna mini ƙasa da bakin sandarsa. Sai a lokacin na lura da sawun kofato a ko'ina, da busasshen kashin shanu a cikin ciyawar. Ashe mashaya ce, kuma burtalin da garken yake biyowa ya ɓullo ne daidai inda muka ajiye mota. Ya ƙara da cewa ruwan dam yana ja da baya da rani, saboda haka ƙasar da muke gani a bushe ɓawo ce kawai, ƙarƙashinta taɓo ne da zai iya riƙe tayar mota. Ga sauro da yake tasowa da zarar magariba ta yi, ga raɓa da sanyin ruwa da suke kwantawa a kwari kafin asuba. Ciyawar da ta ruɗe mu ita ce shaidar cewa wurin yana da danshi, kuma danshin ne ya tara duk abubuwan da ya lissafa.

Daga nan ƙanena ya ce to mu hau dutse, tun da yankin nan har zuwa Rurum duwatsu ne. Muka hau wani falalen dutse wanda daga kansa ana hango ruwan har inda ido ya ƙare, da kwale-kwalen masunta kamar ƙwaryar da aka kifa. Na yarda cewa ban taɓa tsayawa a wuri mai kyansa ba, amma minti goma ya isa mutum ya gane ba wurin kwana ba ne. Babu inda turke zai shiga, kuma jaurar hunturu da take kaɗowa daga arewa maso gabas tana dukan kan dutsen ba tare da wani abin kariya ba, har sai da muka danne tabarma da duwatsu. Dutse yana riƙe zafin rana zuwa dare, shi ya sa tsagoginsa suke zama maɓoyar kunama da maciji, kuma ƙasarmu ba ta rasa kububuwa. Ƙaramin ɗana shekararsa shida, kuma da na tuna zai iya tashi fitsari cikin duhu a wurin da taku kaɗan ne tsakaninsa da gangare, ban tsaya sauraron sauran hujjojin ƙanena ba.

Abin da ya kamata mu fara yi tun da farko shi muka yi a ƙarshe. Dattijon ya haɗa mu da wani yaro ya raka mu gidan mai unguwa, muka gaisa, na miƙa ɗan goro, na ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu daga nan ƙasar Rano, muna neman inda za mu kwana biyu da yara." Ya tambayi garinmu da sunan dagacinmu, sannan ya sa aka kira mai gonar da yake ganin ta dace da mu. A ganina wannan ziyara ta fi tantin kansa muhimmanci. Babu fili a karkara da ba shi da mai shi, ko da ido bai ga shinge ba, kuma a zamanin nan baƙin da suka kunna wuta a bayan gari da dare ba tare da sanin kowa ba, 'yan banga ne za su fara zuwa gaishe su. Mai unguwar ne kuma ya ba mu shawarar mu ajiye tunanin wucewa kudu zuwa dajin Falgore da tsaunukan Riruwai da niyyar kwana. Tsaunukan can sun fi na Tiga tsawo da ban sha'awa, amma dajin ya sha fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane, don haka wanda yake son ganinsu gara ya je da rana tare da ɗan gari, ya koma cikin mutane kafin duhu.

Gonar da aka ba mu tana kan ɗan tudu mai rairayi, an riga an girbe dawarta, tafiyar kamar minti biyar daga ruwa, kuma ana jin kiran sallar ƙauyen daga wurin. Wani ƙaton dutse yana tsaye ta gefen da iska take fitowa, muka kafa tantunan a bayansa, ƙofofinsu suna duban kudu maso yamma. Zaɓen inuwa ma sai da aka yi muhawara. Gawo yana da ganye da rani, amma yana zubar da ƙaya, kuma awaki suna taruwa a gindinsa don 'ya'yansa. Kukar da take kusa tana da kogo, kuma mun ji ƙugin zuma a ciki. Tsamiya ce ta rage, ƙanena ya fara zancen iskokin da ake cewa suna zama a kanta, na ce masa in dai suna nan to sun zaɓi inuwa mai kyau, mu ma a nan za mu yini. Mun share karan dawa da busasshiyar ciyawa a kewayen murhu sosai kafin mu kunna wuta, domin a hunturu tartsatsi ɗaya yana iya cinye harawar mutum ta shekara.

Nisan da muka ba ruwan ya taimaka mini wajen tsare yara. Na hana su wanka a gefen da ruwa yake kwance cikin ciyayi, saboda a irin wurin ne ƙananan dodon koɗin da suke ɗauke da ƙwayar tsargiya suke zama, kuma na ga isassun ɗalibai masu fitsarin jini a aji. Ruwan sha da na alwala daga rijiyar burtsatsen ƙauyen muka ɗebo. Da wani matashi ya yi mana tayin zagayawa a kwale-kwale, na tambaye shi rigar kariya daga nutsewa, ya ce babu, sai na yi masa godiya. Har yanzu ban manta da jirgin da ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, wanda yawancin waɗanda suka rasu a cikinsa ɗaliban Islamiyya ne.

Duk wannan lissafi na hunturu ne. Da damina, musamman a marka, ƙoramun da muka tsallaka a bushe suna iya cika cikin sa'a guda da ruwan da aka yi a kan duwatsu, kuma gindin bishiya tilo a kan tudu shi ne wurin da ake gudu idan ana tsawa.

Daren farko sanyi ya sa muka haɗa barguna, amma iskar ta bi ta saman dutsen ta wuce mu. Da asuba, bayan mun yi salla, na ɗora ruwan shayi a murhu, hazo yana kwance a kan ruwa har ba a ganin ɗaya gaɓar. Da rana ta ɗan ɗaga sai muka ji kukan shanu, yara suka ruga bakin gonar suna leƙe. Garke ne babba ya gangaro ta burtali, ya bazu a kan koren filin nan da muka fara sauke jarkokinmu, wani farin bijimi kuma ya tsaya daidai inda na auna zan kafa ƙofar tantina, ya daɗe a wurin kafin ya shiga ruwa.