A cire min shi kawai in huta

Maganar da na fi ji ke nan a ɗan asibitin haƙorina da ke wajen Titin Gidan Zoo a Kano. Mutum zai shigo kunci a kumbure, ya kwana uku bai runtsa ba, ya cusa kanumfari a kogon har ya gaji, ya ce tsutsa ce take cinsa. Sai in ce, "Baba, zauna tukuna mu ɗauki hoto." Babu wata tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya maƙale, na shayi da alawa da lemon kwalba, su fitar da tsamin da ke rarake haƙorin sannu a hankali.

Da a ce ya zo tun ruwan sanyi na ɗan tsira masa, ciko ne kawai, bai fi rabin awa ba. In ramin ya kai jijiya, sai a cire jijiyar, a wanke, a toshe, a sa wa haƙorin hula. Zuwa biyu ko uku ne, kuma a nan ake fara kallon aljihu. Cirewa ta fi araha, ban musa ba. Amma giɓi ba ya zama shiru. Haƙori 32 ne a bakin babba, kowanne jingine da ɗan uwansa. In turmi ɗaya ya tafi, na gefe su karkato, na sama ya zazzago, ƙashin wurin ya soma zaizayewa. Bayan 'yan shekaru mai shi ya dawo, tsire ya gagare shi, aikin kuma ya ninka.

Masu giɓi yawanci haƙorin roba suke zaɓa, wanda ake cirewa da dare a sa a ruwa. Mu ɗauki awon baki, mu zuba filasta, wato farin garin da ke daskarewa ya fitar da siffar bakin, abokin aikina ya zauna yana jera haƙoran yana neman launin da ya dace. Mai cin goro ba a sa masa fari tas, kowa zai gane. Akwai gada, wadda ake ɗorawa a kan haƙoran gefe biyu, sai kuma dashe, inda ake kafa ƙusar wani ƙarfe mai suna titaniyom a ƙashi a jira wata uku zuwa shida ta kama. Ni ba na dashe. Nakan tura mutum wajen ƙwararru, in kuma matsalar ta muƙamuƙi ce, sai Asibitin Malam Aminu Kano.

Kusan duk kayan aikinmu daga waje suke, farashinsu na bin dala. Ga wuta. Tukunyar dafa kayan aiki don kashe ƙwayoyin cuta sai ta kai digiri 121, ba ruwanta da ko an kawo ko ba a kawo ba, don haka janareta ke cinye rabin ribar.

Bayan dawowar alhazai kuma sai maganar haƙorin Makka. Wata Hajiya ta zo min da nata, shekara da shekaru a baki, abinci ya yi ta shiga ƙarƙashi har haƙorin ya ruɓe ba ta sani ba. Na ce, "Hajiya, sai an ɗaga shi." Ta ce to, amma in na gama in mayar mata da abinta, don da shi aka san ta a Fagge. Na gyara, na sake ɗaukar awo, muka mayar.